Gwiwar Alu Mai Garma

Sana'ar Malam Alu ita ce bin bayan shanu. Tun yana saurayi, lokacin da mahaifinsa ya sayar da ragowar garken da suka gada ya zauna a Barkiya ya kama noma, aka ɗora masa hannu a kan garma, kuma bai sake ta ba har furfura ta cika masa gemu. Da damina yana yi wa mutane huɗa, daga gonakin garinsu har zuwa na Ɗantutture. Da kaka sai ya ɗaura amalanke ya riƙa kwaso dammunan gero da dawa, da rani kuma ya kai taki gona ko ya ɗebo wa magina yashi. Fulatanci ya daɗe da ɓacewa a bakinsa, sai 'yan kalmomin da yake yi wa dabba tsawa da su. Amma halin gidansu yana nan daram: ba ya cin abinci a kasuwa, ba ya cewa ya gaji, kuma ba a taɓa jin ya ce wani wuri yana masa ciwo ba.

Shanunsa biyu ne, Fari da Jatau. Tun suna maruƙa ya sayo su a kasuwar Dutsin-Ma, shi ya huda musu hanci, shi ya koya musu karkiya. Fari mai sanyin hali ne, duk inda aka juya shi nan zai bi. Jatau kuwa sai an lallaɓa shi, don idan ya ga dama sai ya tsaya cak a tsakiyar gona yana tuƙa, kamar mai jiran a ba shi haƙuri. Da shi Alu ya fi hira. Mutumin da ba ya haɗa magana uku a majalisa, idan ya je turke da harawa a hannu sai bakinsa ya buɗe: ya gaya wa Jatau wanda ya hana shi kuɗin huɗa, da yadda hadari ya yi gabas ya watse, da abin da yake shirin shukawa a gonar fadama. Matarsa Rekiya takan ce duk labarin gidan nan a bayan dangar turke take tsintarsa, in ba don Jatau ba da ba ta san mijinta ya sayi tunkiya ba sai ta gan ta.

'Ya'yansu mata duk suna gidajen mazajensu. Namiji ɗaya ne, Atiku, kuma shi ne ɗan fari. A gidan su Alu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama hira da shi, uwa kuwa nata ya fi tsanani. Ana yaye Atiku, Gogo, yayar Alu da ke aure a Dutsin-Ma, ta zo ta goya shi ta tafi da shi. Can ya tashi, can ya koyi ɗinki, har ya buɗe shagonsa ya yi aure. Idan ya zo gida gaisuwa, daga nesa yake durƙusawa, Alu ya amsa yana kallon wani wuri dabam. Idan magana ta kama dole, sai ya ce a gaya wa na Gogo kaza. Duk shekara buhun gero mafi kyau a gidan Atiku yake sauka, duk salla kuma sabuwar riga takan zo wa Alu daga Dutsin-Ma, daidai jikinsa, alhali telan bai taɓa ɗora masa awo a kafaɗa ba. Haka suka zauna, babu wanda ya ga aibu a ciki.

Abin ya faru ne da kaka. Alu yana kan amalanke yana jera dammunan dawa, Jatau ya motsa, kayan suka karkace, sai ya yi tsalle ya dira don kada su danne shi. Ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin sawun taya da ya bushe, ta maƙale, jikinsa kuma ya juya. Ya ji wata 'yar ƙara a cikin gwiwar, kamar igiyar guga ta tsinke. Ya tashi, ya gyara kayan, ya kora shanun zuwa gida yana ɗingishi. Sai da ya sauke damin ƙarshe ya zauna, lokacin gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya.

Aka kira maɗorin garin. Tsohon ya shafa, ya latsa, ya ce ƙashi lafiyarsa lau, wannan aikin jijiya ne, kuma na can ciki, wanda hannunsa ba ya kaiwa. Ya shafa magani ya naɗe ƙafar don kumburin ya sauka, ya ce in an kwana biyu ba ta saki ba a nemi asibiti. Alu ya ɗauki naɗin ya bar shawarar. A ganinsa targaɗe ne, shi kuwa targaɗe hutu yake so. Ya kwanta a ɗaki, ya tura matashi ƙarƙashin gwiwar don ya fi jin daɗi haka, ya bar ta a tanƙware. Aka gama kaka, aka shiga sanyi. Kumburin ya sauka, amma ƙafar ta ƙage, ba ta miƙewa sosai, ba ta kuma naɗuwa. Cinyar ta tsotse ta koma kamar ta wani. Idan ya taka, wani lokaci gwiwar sai ta zame masa ba zato, kamar an janye ƙasa. Salla a zaune yake yi, ƙafa a miƙe gefe, wannan ma ya hana shi zuwa masallaci don ba ya son a riƙa matsa masa wuri a sahu.

Da labari ya kai wa Gogo, ba ta aiko ba, da kanta ta zo. Ta tsaya a bakin ɗaki ta dube shi, ta ce ita dai ba ta san ƙaninta ya zama kazar kwanci ba, ƙwai nawa ya ƙyanƙyashe? Alu ya ce da sauƙi. Ta ce sauƙin ne ya sa ya kasa tashi ya gaishe ta. Washegari ta sa Atiku ya samo mota.

Likitan da ya duba shi a Dutsin-Ma ya kwantar da shi, ya kama ƙwaurinsa ya jawo, sai ga shi yana tahowa gaba fiye da na ɗaya ƙafar. Ya tura su Katsina aka ɗauki hoton cikin gwiwar, hoton kuma ya tabbatar da abin da ya zata. Akwai wata jijiya mai kauri a tsakiyar gwiwa wadda ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame daga ƙarƙashin na cinya, ita ce ta tsinke. Ba ta haɗewa da kanta. Ana iya yin tiyata a dasa wata a gurbinta, amma ko tiyatar ba za a yi wa gwiwar da ta ƙage haka ba sai ta saki. Kuma a shekarunsa, in ji likitan, mutane da yawa sukan koma aikinsu ba tare da an yanka su ba, idan naman cinya ya yi ƙarfin da zai karɓi aikin jijiyar. Alu bai tambayi komai ba sai abu ɗaya, ko zai bi garma bana. Likitan ya ce wannan yana hannun Allah, sannan yana hannun Alu.

Aka haɗa su da Malam Sirajuddeen, ma'aikacin sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, mutum mai fara'a da yawan zolaya. Shi ya nuna musu aikin gida. Wasu Alu zai yi da kansa: ya ɗaure naman cinya ya saki, ya ɗaga ƙafar a miƙe, ya jawo diddige zuwa jikinsa. Amma gwiwar da ta ƙage irin haka sai da mai taimako, wanda zai riƙe ƙafar ya danna a hankali har ta miƙe, sannan ya naɗe ta kaɗan kaɗan, safe da yamma. Ya yi gargaɗi a kan abu guda. Akwai zafin jan jijiya, wanda ake so, a daure masa. Akwai kuma zafi mai suka kamar tsinke, wanda idan aka wuce shi gwiwar za ta kumbura aiki ya koma baya. Mai riƙe ƙafa ba shi da hanyar sanin wanne ne wanne, sai mai ƙafar ya faɗa.

"Baba, a nan ba a jarumta," in ji shi. "Idan ta cije ka, ka yi magana. Ga ɗanka nan, hannun tela ne, ya saba da lallaɓa yadi mai tsada."

Alu ya kalli bango. Atiku ya kalli ƙasa.

Da farko Rekiya ce ta gwada, amma ƙafar mijinta ta fi ƙarfinta, kuma da ta ga ya ɗan motsa gira sai ta saki ta ce ya isa. Babu wani namiji a gidan. Atiku ya bar wa abokin aikinsa shago, ya ɗauko kekensa na ɗinki ya kafa a zauren mahaifinsa, ya dawo Barkiya da zama.

Ranar farko ya shiga ɗakin da sallama, ya durƙusa a gaban tabarma, ya daɗe kafin ya miƙa hannu. Tun da aka haife shi bai taɓa jikin mutumin nan ba. Ƙafar ta ba shi mamaki, tafin ya yi kaushi kamar ɓawon itace, cinyar kuma ba nauyi. Ya fara dannawa yana jiran a ce masa tsaya. Ba a ce ba. Ya ƙara. Alu yana kallon azarar ɗaki, zufa na bin wuyansa, zafin ya wuce na ja ya koma suka, amma yaya zai buɗe baki ya ce wa ɗan farinsa yana jin ciwo? Ko a gaban baƙo bai taɓa faɗa ba. Atiku ya ɗauka shirun alama ce ta lafiya. Haka suka yi ta yi, har gwiwar ta sake kumbura ta ɗauki zafi, Alu ya kasa ko zuwa turke.

Tsoro ya kama Atiku. Da kumburin ya sauka ya ci gaba da zuwa, amma yanzu shafa ƙafar kawai yake yi, ya ɗan motsa ta ya ajiye. Alu ya san wannan ba aiki ba ne, ya kuma kasa cewa a ƙara. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, gwiwa tana inda take.

A cikin wannan hali wani dillalin shanu ya fara zarya. Ya ce ya zo dubiya ne, amma idonsa na kan turke. Ya yi maganar da Alu ya riga ya sani: harawa ta yi tsada, dusa ta yi tsada, shanu biyu ƙosassu a ɗaure ba aiki, a wannan zamanin da ake kwana da kunne ɗaya saboda ɓarayin shanu, ba dabara ba ce. Mutanen da Alu ya saba yi wa huɗa su ma sun fara tambaya a fakaice, don kowa yana son ya san wanda zai shigar masa gona idan ruwa ya sauka. Alu ya ce wa dillalin ya dawo bayan ruwan shuka. Idan har lokacin bai iya bin garma ba, ya zo da igiyarsa. Da yamma ya dogara sanda ya je ya gaya wa Jatau, a nan Rekiya ta ji.

Da suka koma asibiti, Malam Sirajuddeen ya auna naɗin gwiwar ya ga ba ta ci gaba ba. Ya tambayi Alu, ya ce alhamdu lillahi. Ya tambayi Atiku, ya ce suna ƙoƙari. Gogo ce, wadda ta biyo su don ba ta yarda da rahoton kowa ba, ta fasa maganar. Ta ce wannan ɗan fari ne, uban ba zai ce masa uffan ba ko da ƙafar za ta cire a hannunsa. Malam Sirajuddeen ya dafe kai ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba, shi ma a gidansu babbar yayarsu har yau innarsu ba ta faɗin sunanta. Ya kawo shawarar Alu ya riƙa ɗaga yatsa ko ya buga tabarma idan ya ji suka. Alu ya ce to. Amma Gogo ta san wannan to ɗin, tun yana yaro take jin ta. Ɗaga yatsa ma ai faɗa ne.

A mota suna komawa ta juyo ta dube shi.

"Kai Alu, wuni kake kana zuba wa sa surutu kamar kanya. Ni ban ce ka yi magana da ɗana ba, riƙe kunyarka, ta gado ce. Amma a fitar da tabarmar nan bakin turke. In ta yi zafi gaya wa Jatau. Wanda ke da kunne a kusa ya ji."

Alu ya ce wannan ai wasan yara ne. Gogo ta ce to, ya zauna da girmansa, dillali ya zo ya ja abokin hirarsa zuwa mahauta.

Bai ce ya yarda ba. Sai dai washegari da safe ya ce wa Rekiya ɗakin ya yi zafi, a shimfiɗa masa a gindin dalbejiyar da ke kusa da shanu. Atiku ya zo ya durƙusa, ya kama ƙafar, ya fara shafa ta kamar yadda ya saba. Jatau yana tsaye yana tuƙa, yana kallonsu. Aka daɗe. Can Alu ya yi gyaran murya, ya juya fuskarsa wajen san.

"Jatau, wannan ba huɗa ba ce, susa ce. A ɗan ƙara nitsa garmar."

Hannun Atiku ya tsaya. Sannan ya gyara zama, ya tallafi diddigen, ya fara naɗe gwiwar a hankali. Alu ya ji jijiyoyin suna ja, ya daure. Da sukar ta fara leƙowa sai ya ce, "To, Jatau, nan ne iyakar gonar. Tsaya nan." Atiku ya tsaya daidai wurin, ya riƙe, har aka ce wa Jatau ya saki. Rekiya, da ke bayan danga da tsintsiya a hannu, ta toshe baki da gefen zane ta koma madafa.

Daga ranar aiki ya kama hanya. Ba a guje ba, don gwiwa ba ta san gaggawa ba. Wata rana ta ba da kaɗan, wata rana ta tashi a ƙage kamar ba a taɓa taɓa ta ba, Alu ya wuni ba ya son magana ko da Jatau. Amma Jatau ya sha bayani. An gaya masa inda ke ja da inda ke suka, an gaya masa yau an kwana da tsami, an gaya masa jiya an yi ganganci an taka ba sanda. Atiku ya ɗinka 'yan jakunkuna ya cika su da yashi, ana ɗaura wa uban a idon sawu yana ɗagawa, idan ta yi sauƙi a sauya mai nauyi. Ya kuma gyara wani maɗaurin gwiwa da suka sayo, wanda ke zamewa, ya ƙara masa igiya. Shi ma a hankali ya koyi bi ta wajen Jatau. Yakan ce, yana kallon turke, Malam Sirajuddeen ya ce Jatau ya fara tsayawa a ƙafa ɗaya yana dafa bango. Alu ya ce Jatau ya ji, amma a gaya wa Malam Sirajuddeen shi ba zakara ba ne. Sannan ya tashi ya yi.

Hirar ba ta tsaya a gwiwa ba. Wata yamma, ƙafarsa na hannun ɗansa, Alu ya ba Jatau labarin ranar da Gogo ta zo ta goya wani yaro ta nufi tasha da shi, da yadda wani mutum ya ce zai je duba gona, alhali bin su ya yi daga nesa har motar ta tashi. Atiku bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da murza naman cinyar, ya daɗe a wuri ɗaya.

Kafin azahar ɗin bazara ta fara tara hadari, Alu ya ajiye sanda. Ya koma masallaci, da farko a ƙarshen sahu, daga baya ya iya zaman tahiya ko da yake a karkace. Malam Sirajuddeen ya sa shi tafiya a kan yashi, ya koya masa abin da zai kiyaye har ƙarshen rayuwarsa: kada ya kafa ƙafar dama ya murɗa jiki a kanta, idan zai juya ya juya da ƙananan taku, kada ya ƙara dira daga amalanke. Ya gaya masa gaskiya cewa jijiyar ba ta dawo ba, cinyar ce ke riƙe da shi, ranar da ya daina motsa ta kuwa za ta sake shi. Idan gwiwar ta ci gaba da zamewa a gona, to sai a koma maganar tiyata.

Ruwan shuka ya sauka, aka yi shuka, gero ya fito. Da lokacin huɗa ya yi, Alu ya ɗaura maɗaurinsa a ƙarƙashin wando, ya ɗora wa shanun karkiya, suka nufi gonarsa ta bayan gari. Dillalin ya biyo su, wai hanya ce ta biyo da shi. Atiku ne a gaba riƙe da igiya, tela da bai taɓa jan shanu ba, Jatau kuwa ya gane haka, ya yi ta gwada shi. Alu ya kama garma. Ƙasar ta yi laushi, tana buɗewa tana kifewa a gindin geron. Ya bi ta yana sauraron gwiwarsa a kowane taku. Da suka kai ƙarshen gona, wurin da a da yakan fizge garmar ya juya a ƙafa ɗaya, sai ya tsaya, ya ɗaga ta, ya zagayo da ƙananan taku kamar tsohuwa a bakin rijiya. Gwiwar ta riƙe. Suka dawo, suka sake komawa. Dillalin ya yi musu barka da aiki, ya ce da ma shi bai so a sayar ba, ya wuce.

Ba su kai rabin abin da Alu yake yi a da ba rana ta ɗaga, ya ji ƙafar ta fara nauyi. A da sai ya ci gaba har a gama. Yanzu ya kwantar da garmar, ya ce wa Jatau gwiwa ta ce ya isa na yau. Gonakin Ɗantutture ya riga ya bar wa wasu, na kusa kawai ya karɓa a bana.

Suka zauna a inuwa, kowa yana kallon gabansa, goran fura a tsakaninsu. Alu ya miƙe ƙafar yana murza ta. Ya dubi san, wanda ya sa baki a ciyawar gefen gona.

"Jatau, masu kayan salla suna can suna jiran telansu, a bar shi ya koma shago. Sai dai ran Juma'a ya riƙa leƙowa, ƙafar ta saba da hannun." Ya kurɓi fura. "Kuma ka gaya mashi Allah ya yi albarka."

Atiku ya ce amin, a hankali, yana kallon Jatau.